Gidan haya a Ostareliya: da sunanka za ka saya, da sunan amana, ko da na kamfani?

Cikin zafin watan Janairu, bayan an sauko daga Juma'a a Lakemba, wata unguwa a birnin Sidni, wani ƙanena na zumunci ya ja ni inuwa ya miƙo mini wayarsa. Takardar haraji ce daga ofishin tara kuɗin shiga na jiha. Dala 12,800, harajin fili na shekara guda, a kan gidan haya ɗaya tak da ya saya a yammacin Sidni. Ya ce, "Yaya, abokin aikina yana da gidan haya irin nawa a layi ɗaya, ko sisi ba ya biya. Ni laifin me na yi?" Na duba inda aka rubuta sunan mai gida. Ba sunansa ba ne, sunan kamfanin da ke riƙe da amanar iyalinsa ne. An kimanta filin a kan dala 800,000, aka cire kashi 1.6 cikin 100. Lissafin daidai yake, babu kuskure, kuma haka takardar za ta riƙa zuwa duk shekara muddin gidan yana nan da wannan suna.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ba sakarci ya yi ba. An ce masa amana tana kare dukiya, tana rage haraji, kuma gaskiya ne tana yi. Abin da ba a gaya masa ba shi ne farashinta na shekara-shekara, da cewa farashin nan ya fi nauyi a kan mai gida ɗaya fiye da mai gidaje biyar. Wannan rubutu na wanda yake shirin sayen gidan haya a Ostareliya ne, ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin, wanda ya tsaya tsakanin shawarar akanta da ta abokai. Duk alƙaluma da ƙa'idojin da zan kawo na shekarar harajin 2025 ne, da dalar Ostareliya. Kasafin kuɗi yakan taɓa su, don haka a sake dubawa a shafin ofishin harajin jiha da na tarayya kafin a sa hannu.

Abubuwa biyu da ya kamata a fara fahimta

Amana a dokar ƙasar nan ita ce mutum ko kamfani ya riƙe kadara da sunansa don amfanin wasu, bisa wata takarda da ta fayyace su waye masu cin moriya da irin ikon mai riƙon. Wanda ya san waƙafi zai ga kama, amma ba ɗaya ba ne: kadarar amana ana sayar da ita, ana rushe amanar, kuma ba sadaka ba ce.

Harajin fili kuwa jihohi ke karɓarsa, ba gwamnatin tarayya ba. A kan darajar filin tsurarsa ake lissafi, ban da ginin da ke kai. Shi ya sa gidan bene mai hawa-hawa, inda mutane da yawa suka raba fili ɗaya, kason filin kowa ƙarami ne, alhali tsohon gida mai faffadan tsakar gida kusan duk kuɗinsa na fili ne. Ana haɗa duk filayen mutum na cikin jiha ɗaya a yi musu kuɗi tare, ana kuma yafe gidan da yake zaune a ciki. Sannan akwai adadin da in dukiyar ba ta kai shi ba babu haraji. Zan kira shi nisabi, domin aikinsu ɗaya da na zakka, har da maganar zagayowar shekara: a NSW, jihar da Sidni take, da Biktoriya, jihar Melbon, ana duba wanda ya mallaki filin a tsakar daren 31 ga Disamba, a Kwinsilan, jihar Birisben, daren 30 ga Yuni. Duk rigimar tana kan nisabin nan ne, saboda jihohi ba sa ba amana nisabin da suke ba mutum.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko shi ne harajin filin kansa, nawa ne duk shekara. Na biyu, harajin tarayya a kan kuɗin haya da kan riba ranar da aka sayar. Na uku, kuɗin kafawa da ɗawainiyar takardu. Na huɗu, kariya idan bashi ko shari'a ta taso wa mutum. Na biyar, daɗewar tsarin da abin da zai faru bayan rasuwa, wanda ga mai son a raba gadonsa bisa Shari'a ba ƙaramin abu ba ne. Na shida kuma ya fi shafar irinmu: dangin da ke gida, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, da yadda sunansu zai iya jawo ƙarin haraji ba da saninsu ba.

Saye da sunan kai

Nan ne nisabi ya fi girma. A NSW dala 1,075,000 ne, kuma gwamnati ta tsayar da shi a nan daga 2025, ta daina ɗaga shi duk shekara. Abin da ya haura ana biyan dala 100 da kashi 1.6 cikin 100, har zuwa dala 6,571,000, daga nan ya koma kashi 2. A Kwinsilan nisabin mutum dala 600,000 ne. Biktoriya ce ta matse: da nisabinta 300,000 ne, daga Janairun 2024 ta sauke shi zuwa 50,000 don biyan bashin da ta ci lokacin korona, tsarin da aka tsara zai kai 2033. Ke nan kusan duk mai gidan haya a Melbon yana biyan wani abu.

Ga miji da mata akwai bambanci mai amfani. Kwinsilan tana duba kason kowa daban: fili na dala 1,100,000 da aka raba biyu ya zama 550,000 a kan kowane, duka ƙasa da nisabi. NSW kuwa tana fara ɗaukar masu haɗakar a matsayin mai fili ɗaya da nisabi ɗaya. Can, in ana son nisabi biyu, sai kowa ya sayi nasa gidan da sunansa.

Ta fuskar harajin tarayya, a 2025, idan kuɗin ɗawainiyar gida da na lamuni sun fi kuɗin haya, mai gida yana cire asarar daga albashinsa ya rage haraji a shekarar. Idan ya sayar bayan wata 12, rabin ribar kawai ake yi wa haraji, tsarin da aka fara a 1999. Kafawa ba ta cin komai, takardu kuma shafi ne a cikin bayanin harajinsa na shekara. Rauninsa a bayyane yake: gidan naka ne, duk mai binka bashi zai iya kai hannu gare shi, kuma duk ribar haya a kanka take ko da kana matakin kashi 45 cikin 100 na masu samun sama da dala 190,000, ga kashi 2 na kiwon lafiya a kai.

Gado a nan ya fi sauƙi, gidan yana cikin dukiyar da wasiyya za ta raba. Sai dai a lura da irin haɗakar da aka rubuta. Akwai wadda in ɗaya ya rasu ɗayan ke ɗaukar gidan gaba ɗaya, wasiyya ba ta da ta cewa. Akwai wadda kowa ke da kasonsa da zai shiga gadonsa. Mai son rabon Shari'a ta biyun zai gaya wa lauya, tun kafin a shigar da takardun mallaka.

Amanar iyali, wadda mai riƙo ke rabawa yadda ya ga dama

Ita ce wadda aka fi tallatawa, ita ce kuma ta ƙanena. Babu wanda ke da tsayayyen kaso a cikinta. Duk shekara, kafin 30 ga Yuni ta wuce, mai riƙon amana yana rubuta wa zai ba nawa daga ribar. Wannan rashin tsayayyen kaso shi ne ƙarfinta, shi ne kuma dalilin da jihohi suke tsananta mata: tunda ba a san na wa ne filin ba, ba a san nisabin wa za a ci ba.

NSW ta fi kowa tsanani. Babu nisabi ko kaɗan. Kashi 1.6 daga dalar farko. Bambancin da ke tsakaninta da sunan kai yana iya kaiwa dala 17,100 a shekara. Biktoriya tana farawa daga 25,000, ta ɗora ƙarin kashi 0.375 a kan na kowa. Ƙarin yana fara lafawa daga miliyan 1.8, ya ɓace a miliyan 3. Wajibi ne kuma mai riƙo ya sanar da ofishin haraji cikin wata ɗaya cewa a matsayin amana ya sayi filin. Kwinsilan tana farawa daga 350,000 da dala 1,450, sai kashi 1.7 a kan abin da ya haura. Ga yadda abin yake idan fili ɗaya ne ke hannu a jihar:

| Darajar fili | NSW, mutum | NSW, amana | Biktoriya, mutum | Biktoriya, amana | Kwinsilan, mutum | Kwinsilan, amana |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 500,000 | 0 | 8,000 | 1,950 | 3,588 | 0 | 4,000 |
| 800,000 | 0 | 12,800 | 3,450 | 6,213 | 2,500 | 9,100 |
| 1,500,000 | 6,900 | 24,000 | 9,150 | 14,538 | 12,750 | 21,000 |

Sauran wurare a taƙaice: Ostareliya ta Kudu ma tana fara wa amana daga 25,000; Ostareliya ta Yamma nisabinta 300,000 ne, ba ta ɗora wa amana ƙari; Yankin Arewa, inda Darwin take, ba ya karɓar harajin fili sam.

To amma teburin nan rabin labari ne, kuma ragowar rabin ne na fi so mai karatu ya riƙe. Teburin na mai fili ɗaya ne. Ɗauki mutumin Sidni wanda filayen hayarsa sun riga sun haura 1,075,000 da sunansa. Duk gidan da ya ƙara, kashi 1.6 zai biya, da sunansa ko da sunan amana. Ya riga ya cinye nisabinsa, amana ba ta ƙara masa ko kwabo. A Melbon abin har juyawa yake yi. Mai filayen miliyan 1.8 da sunansa, in ya ƙara na 500,000, zai shiga matakin kashi 1.65, wato ƙarin dala 8,250. In ya sa sabon gidan a amana, 3,588 zai biya, domin ana yi wa amanar lissafinta daban. A Kwinsilan kuma kowace amana da nata nisabin na 350,000, shi ya sa za ka ga mai gidaje da yawa yana buɗe wa kowane gida amanarsa, ko da yake ofishin haraji yana haɗa amanonin da mai riƙonsu da masu cin moriyarsu da kasonsu duk ɗaya ne. Shawarar da manyan masu gidaje suke bayarwa daidai take a wurinsu. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai farawa ya ɗauki rigar da ba a auna da jikinsa ba.

Me ake saye da wannan kuɗi? Na farko, raba riba. A ce gida yana barin ribar dala 20,000 a shekara. A hannun mai babban albashi haraji zai ci 9,400. In aka rubuta wa uwargida da ba ta da wani kuɗin shiga, dala 18,200 na farko babu haraji, kusan duka zai tsira. Riba ce ta gaske, amma a Sidni ka ajiye ta kusa da 12,800 na teburin ka gani. Kuma ƙananan yara ba sa cikin wannan lissafi: abin da ya haura dala 416 a hannun wanda bai kai 18 ba ana yi masa haraji mai tsanani. Manyan 'ya'ya suna ciki, amma tun 2022 ofishin harajin tarayya ya sa ido sosai a kan masu rubuta wa ɗa kuɗi a takarda su kashe da kansu. Ribar da ba a raba ba kuwa ana yi mata haraji a mataki mafi girma. Asara ma ba ta fita: in gidan yana cin kuɗi a shekarun farko, kamar yadda yawancin gidajen lamuni suke yi, asarar tana kulle cikin amanar tana jiran riba ta gaba, ba ta taɓa harajin albashinka. Rangwamen rabin riba ranar sayarwa yana nan, yana bi ta hannun masu cin moriya.

Na biyu, kariya. Tunda gidan ba naka ba ne a doka, mai binka bashi na kanka ba ya samun hanya cikin sauƙi. Ga ɗan kwangilar gini, ko mai kamfanin da ke sa hannu a lamuni, ko mai sana'ar da ake yawan kai wa ƙara, wannan abu ne mai daraja. Sai dai garkuwar tana da ɓaraka. Bankin da ya ba da lamunin gidan zai sa ka tsaya wa amanar da kanka. Dokar fatara ta 1966 tana ba da damar warware kyautar da aka yi wa makusanta a 'yan shekarun da suka gabaci karyewa, in kuma an yi ta ne don guje wa masu bashi, babu iyakar lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rabuwar aure ma kotun iyali tana iya lissafa kadarar amana cikin dukiyar ma'aurata, kamar yadda babbar kotun ƙasar ta yanke a shari'ar Kennon da Spry a 2008.

Ɗawainiya: kuɗin lauya na rubuta takarda, kuɗin hatiminta, wato harajin da jiha ke karɓa a kan takardar, dala 750 a NSW, 200 a Biktoriya, kafa kamfanin da zai riƙe, kuɗin sabunta shi na dala ɗari uku da 'yan kai duk shekara, da akanta mai shirya bayanin harajin amanar daban. Wasu bankunan ma ba sa son ba amana lamuni, zaɓinka yana raguwa. Daɗewa kuwa, shekara 80 ce iyaka a NSW da Biktoriya, Kwinsilan ta ɗaga tata zuwa 125 daga Agustan 2025.

Batun gado a nan yana buƙatar natsuwa. Gidan da ke cikin amanar iyali ba ya cikin dukiyar mamaci, wasiyya ba ta raba shi. Abin da ake gada shi ne iko: wa zai zama mai naɗa mai riƙo da tsige shi, wa zai riƙe kamfanin. In babban ɗa ya gaji ikon, doka ba ta tilasta masa ba ƙannensa mata kason da Allah ya ba su, sai in takardar ta ɗaure shi. Na sha ganin mutanen kirki sun rubuta wasiyya mai kyau bisa Shari'a, alhali mafi girman dukiyarsu tana wajen da wasiyyar ba ta kai.

Sunan dangi a takardar amana

Wannan na ware shi daban saboda shi ya fi ba ni tsoro. Takardun amanar iyali da ake sayarwa a shirye suna da faɗi: mata, 'ya'ya, iyaye, 'yan'uwa, 'ya'yan 'yan'uwa, duk masu yiwuwar cin moriya ne. Ga Baturen da danginsa duk suna Sidni wannan ba komai ba ne. Ga wanda mahaifiyarsa ke Zariya kuwa, a NSW ana ɗaukar amanar gaba ɗaya a matsayin baƙuwa, ko da ba a taɓa tura wa Hajiya ko dala ɗaya daga cikinta ba, sai in takardar ta fitar da duk baƙin waje, ta kuma rubuta cewa ba za a iya janye wannan sharaɗi ba. Ƙarin harajin baƙi a kan filin gidan zama kashi 5 ne a shekara daga 2025, babu nisabi: a filin 800,000 dala 40,000 ke nan, a kan 12,800 ɗin can. Ranar saye kuma akwai ƙarin kashi 9 na kuɗin gidan, wato dala 108,000 a gidan miliyan 1.2. Biktoriya tana da nata: tun Maris 2020 amanar da ke da baƙo cikin masu yiwuwar cin moriya tana biyan ƙarin kashi 8 ranar saye, akwai kuma ƙarin kashi 4 na shekara a kan masu fili da ke zaune a waje. Kwinsilan tana ɗora kashi 3 a kan amanoni da kamfanonin da ta ɗauka na baƙi.

Na san yana yi wa mutum nauyi ya sa hannu a takardar da ta ce mahaifiyarsa ba ta da rabo. Amma ba a hana ka zumunci ba. Amana ta ba ka naka, ka biya harajinka, ka aika gida da hannunka kamar kullum. Dama can kason da aka rubuta wa mazaunin waje ana cire masa kashi 30 daga dalar farko, babu wata riba da aka rasa.

Amanar ƙayyadadden kaso

Nan kowa ya san nasa: wannan kashi 60, wancan 40. Ita ta fi dacewa da 'yan'uwa ko abokai da suka haɗa jari. A NSW tana samun nisabi, amma da sharaɗi: dole takardar ta nuna masu kason suna da haƙƙi tabbatacce a kan kuɗin shiga da kan uwar dukiya, kuma suna da ikon sa mai riƙo ya rushe amanar ya raba musu. Takardu da yawa na kasuwa ba su cika wannan ba, sai a jefa su layin marasa nisabi. Haka kuma ana bin kowane mai kaso a haɗa kasonsa da sauran filayensa, saboda haka in amanar iyali ce ta riƙe kason, an gudu ba a tsira ba. A Biktoriya, in mai riƙo ya sanar da ofishin haraji sunayen masu kaso, ana cire ƙarin amana a koma lissafin kowa da kowa. A Kwinsilan nisabin 350,000 ne dai.

Ba ta da sassaucin raba riba, kowa kasonsa zai ɗauka. Kariyarta ma kaɗan ce, domin kasonka dukiyarka ce, mai bashi zai iya kama shi. Amma wannan ɗin ne ya sa take shiga gado lafiya lau: kaso abu ne da wasiyya ke rabawa, sumuni da rubu'i da sudusi duk suna fita a lissafi ba tare da an sayar da gida ba, ko da yake sauya hannun kaso a wasu jihohin yana jawo kuɗin hatimi, wato harajin da jiha ke karɓa idan kadara ta sauya hannu.

Kamfani

A NSW kamfani yana samun nisabin mutum, sai dai kamfanonin da ke hannun mutum ɗaya nisabi ɗaya suke rabawa. A Biktoriya lissafin kowa da kowa ake yi masa, babu ƙarin amana. A Kwinsilan layinsu ɗaya da amana. Ribar haya kashi 30 ake cirewa, abin da ya fi kashi 47 na mai babban albashi sauƙi ga mai son barin kuɗin ya taru a ciki. Babban gibinsa ranar sayarwa ne: babu rangwamen rabin riba. Ga gidan da ake fatan darajarsa ta ninka cikin shekaru, wannan kaɗai ya isa ya sa a yi tunani biyu. Kamfani ba ya mutuwa, hannun jarinsa yana shiga gado, mai binka bashi kuma zai iya kama hannun jarin.

Asusun fansho na kai da kai

Shi ne akantoci ke kira SMSF. Duk da amana ne a doka, NSW tana ba shi nisabi, Biktoriya ba ta ɗora masa ƙari, Kwinsilan kuwa 350,000. Harajin kuɗin haya kashi 15 ne, rangwamen riba sulusi. Ƙaidinsa ne mai yawa: kai ko danginka ba za ku zauna a gidan ba, ba za ku kama hayarsa ba, asusun ba zai sayi gidan zama daga hannunka ba, ana bincikar littattafansa duk shekara, kuɗin kuma a kulle yake har ka kai 60 ka cika sharuɗɗan ritaya. Ga wanda yake da niyyar komawa gida da zama akwai ƙarin matsala, domin asusun yana buƙatar a riƙa gudanar da shi daga cikin Ostareliya.

| | Harajin fili ga mai gida ɗaya | Ɗawainiya | Kariya | Gado |
|---|---|---|---|---|
| Sunan kai | mafi sauƙi | kaɗan | babu | wasiyya na rabawa |
| Amanar iyali | mafi tsada | mai yawa | mai ƙarfi, da ɓaraka | wasiyya ba ta kai ba |
| Ƙayyadadden kaso | ya danganta da takarda da jiha | mai yawa | kaɗan | kaso na shiga gado |
| Kamfani | sauƙi, ban da Kwinsilan | matsakaiciya | matsakaiciya | hannun jari na shiga gado |
| Asusun fansho | sauƙi, ban da Kwinsilan | mafi yawa | mai ƙarfi | ƙa'idar asusun ke bi |

Wa ya dace da wanne

Ma'aikaci mai albashi da zai sayi gidan haya na farko a Sidni ko kewaye, wanda ba ya sana'ar da ke jawo ƙara: sunan kai, ko sunan wanda ya fi ƙarancin albashi tsakanin shi da matarsa in gidan zai riƙa barin riba, da sanin cewa abin da aka rubuta da sunanta nata ne. Ban ga hujjar biyan dubu goma sha wani abu duk shekara don kariyar da inshora mai kyau za ta ba da mafi yawanta ba.

Ma'aurata a Birisben: haɗaka da sunayensu biyu, kowa da kasonsa, har sai kason kowane ya kusa 600,000. Daga nan a fara maganar amana, a zaɓi gidan da filinsa bai kai 350,000 ba, a kuma tabbatar abin da aka tsirar ya fi kuɗin akanta.

Mai kasuwanci ko ɗan kwangila a Melbon: amanar iyali tana da ma'ana ko a gidan farko, domin ƙarin dala 1,600 zuwa 2,800 a shekara farashi ne da kariyar ta cancanta. Irinsa a Sidni ya fara auna sayen gidan da sunan matarsa in ba ta cikin kasuwancin.

Wanda ya riga ya cinye nisabinsa a kowace jiha: gida na gaba a amana, da sharaɗin fitar da baƙin waje a rubuce kafin a sa hannu a yarjejeniyar saye, da tsarin wanda zai gaji iko.

'Yan'uwa da suka haɗa jari: ƙayyadadden kaso, lauyan jihar ya rubuta takardar. Mai tara riba ba tare da niyyar sayarwa nan kusa ba: kamfani. Mai fansho mai kauri da ya tabbata a nan zai tsufa: asusun fansho.

Sai wanda ya riga ya saya, kamar ƙanena. Mun zauna a daren nan muka buɗe takardar amanarsa shafi-shafi. Alhamdulillahi, sharaɗin fitar da baƙi yana ciki, dubu arba'in ɗin ba ta hau kansa ba. Mayar da gidan sunansa kuwa sabon ciniki ne a idon hukuma: kuɗin hatimi da ya haura dala 40,000 a gidan miliyan 1.2, ga harajin duk ribar da gidan ya yi tun ranar saye. Injiniya ne mai albashi, ba shi da shirin gida na biyu nan kusa, kuma yana son riƙe wannan shekara ashirin. A lissafinmu harajin filin shekara huɗu zai biya kuɗin hatimin. Ya ɗauki alƙawarin ganin wani akanta daban ranar Litinin, da takardar kimanta filin da ta amanar a jakarsa.